Kafin A Saya Wa Yaro Babban Bakin Busa Na Yufoniyam



Mu da muka ci shekaru muna busa a badujala a nan Legas, wasunmu a bariki, wasunmu a makarantu, akwai tambayar da iyaye suke yawan kawo mana, musamman idan lokacin fareti ya ƙarato, wato Ranar Yara ta 27 ga Mayu da bikin 'yancin kai na 1 ga Oktoba. Tambayar ba ta wuce wannan: "Malam, yaron nan naka ya dame ni. Wai bakin busar da aka ba shi a makaranta ya yi masa kaɗan, babba yake so irin na manya. In saya ko in ƙyale shi?" Mun ga gara mu rubuta amsar a wuri ɗaya kowa ya karanta, domin abin ba araha gare shi ba, da dala ake shigo da shi, kuma leɓen yaron ne zai ɗauki nauyin duk abin da aka zaɓa.

Ga waɗanda ba su san ƙahon ba, yufoniyam shi ne wannan ƙahon tagulla da za ku ga mai busa ya rungume a ƙirji, faffaɗan bakinsa na kallon sama. Ya fi kakakin Turawa girma nesa ba kusa ba, amma bai kai tuba ba. Sunan daga Girkanci ya fito, ma'anarsa mai daɗin murya, kuma ana danganta ƙirarsa ga wani Bajamushe, Ferdinand Sommer na garin Weimar, a 1843. Maɓallansa uku ne ko huɗu. Da za a warware bututunsa a miƙe shi, zai kai ƙafa 9, kusan tsawon kakakin fada. Tena tuba kuwa suna ne da mawallafan kiɗan Turai suke rubutawa a takardunsu, kamar yadda Richard Strauss ya yi a Don Quixote a 1897, da Gustav Holst a The Planets da ya rubuta tsakanin 1914 da 1916. A yau yawanci da yufoniyam ake busa waɗannan sassa, ko da wani ɗan uwansa ƙirar Jamus mai maɓallai masu juyawa. Saboda haka duk abin da za mu faɗa a nan ya shafi su biyun. Akwai wata tena tubar ta daban, wadda ake kira da sunan Wagner, amma ita da ƙaramin bakin busa na ƙahon Faransa ake busa ta, ba ta cikin zancenmu.

Bakin busa shi ne ɗan ƙarfen nan mai kama da mazurari da ake cusawa a ƙaho, a ɗora leɓe a kai. Ƙaho ba ya yin amo da kansa. Leɓen mai busa ne yake karkarwa a cikin wannan ɗan ƙarfe, ƙahon ya ɗauki karkarwar ya kumbura ta. Sassansa biyar ne. Akwai zoben da leɓe yake zama a kai. Akwai ƙoƙon da ke bayan zoben, wani mai zurfi, wani marar zurfi, wani kamar kwano, wani kamar mazurari. A gindin ƙoƙon akwai ɗan rami da ake kira maƙogwaro. Bayan maƙogwaron hanyar iska tana buɗewa a hankali. Daga waje kuma sai jelar da take shiga cikin ƙaho. Idan mutum ya ce babban bakin busa, to yana iya nufin faɗin zobe, ko zurfin ƙoƙo, ko girman maƙogwaro, ko kaurin jela. Abubuwa huɗu ne mabambanta, kuma yawancin asarar da muke gani daga haɗa su wuri ɗaya take fitowa.

Mu fara da jela, domin ita ce ba ta da ruwa da gwaninta ko ra'ayi. Ko ta shiga daidai, ko ba ta shiga ba. Yufoniyam yana zuwa da mazauni iri uku: ƙarami, matsakaici, da babba. Ƙahonin makaranta da yawa, irin su Yamaha YEP-201 da YEP-321, ƙaramar jela suke ɗauka, irin ta ƙaramin turombon. Tsofaffin Besson na Ingila da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1970 matsakaiciya suke ɗauka, haka ma Willson 2900 na Suwizalan. Manyan ƙahonin zamani irin su Yamaha YEP-642 da sababbin Besson babbar jela suke ɗauka, irin ta babban turombon. Tunda yawancin kayan badujalar da ke hannun makarantu a nan tsofaffi ne, wasu kyauta aka ba da su, wasu na gwanjo, ba a rasa samun ukun a ɗaki ɗaya. Jela mai kyau tana shiga kimanin inci ɗaya, ta zauna daram ba ta girgiza. In ta tsaya a bakin ƙofa, amon ƙahon gaba ɗaya zai zame ƙasa da na sauran 'yan badujala. In ta nutse tana rawa a ciki, iska za ta riƙa zurarewa ta gefe. Mun sha ganin an naɗa takarda ko salatif a jela don ta kama. Wannan dabarar kwana ɗaya ce. Akwai ɗan ƙarfen haɗi da ake sayarwa don ƙaramar jela ta zauna a babban mazauni, ya fi takarda, amma jelar da ta dace tun asali ta fi shi.

Sai lambobi, waɗanda su ma suna rikita mutane. A kamfanin Bach, wanda Vincent Bach ya fara ƙera bakin busa da sunansa a New York a 1918, ƙaramar lamba ita ce babban baki: 3 ya fi 5 faɗi, 5 ya fi 12. Haka tsarin yake a kamfanin Denis Wick, mutumin da ya daɗe yana jagorantar masu turombon a ƙungiyar London Symphony. Amma a Schilke da Yamaha akasin haka ne, babbar lamba ita ce babban baki. Wanda ya riƙe lamba kawai a kai ya tafi kasuwa ba tare da sunan kamfani ba, yana iya dawowa da kishiyar abin da ya je nema. Haruffan ma suna da aiki. A Wick, 4AL da 4AM da 4AY zobensu ɗaya ne, ƙoƙonsu ɗaya, jela ce ta bambanta: L babba, M matsakaiciya, Y ƙarama.

Ga ma'aunin faɗin cikin zobe na waɗanda aka fi sani. Bach 12C, wanda ake yawan fara koya wa yara da shi, milimita 24.5 ne. Bach 6½AL milimita 25.4. Bach 5G milimita 25.5, sai dai ƙoƙonsa ya fi zurfi. Schilke 51D kusan faɗinsu ɗaya da 5G, shi ma mai zurfin ƙoƙo. Wick 4AL, wanda ya yi suna a badujalolin Ingila, milimita 26, haka ma SM4 da aka sa wa haruffan sunan shahararren mai busa yufoniyam ɗin nan Steven Mead. SM3 milimita 26.4. Bach 1½G, na babban turombon, milimita 27. Na tuba kuwa, kamar Bach 18, ya kai kimanin 32. Ku lura, tsakanin na ɗan koyo da na ƙwararre milimita ɗaya da rabi ne kacal, bai kai ƙwayar gero ba. A ido ba komai ba ne. A leɓe kuwa, rabin milimita ma sai an ji shi.

To me ya sa kowa yake kwaɗayin babba? Gaskiya ce, yana da abin so. Faffaɗan zobe yana barin leɓe mai yawa ya yi karkarwa, zurfin ƙoƙo yana sa amo ya yi kauri da laushi, babban maƙogwaro yana barin iska ta wuce ba tare da ta turo mutum baya ba. Muryoyin ƙasa suna fitowa a cike, musamman idan an danna maɓalli na huɗu, inda hanyar iska take ƙara tsawo har ƙaho ya riƙa yin kamar ya toshe. Wannan amo mai faɗi shi ne ainihin abin da ya raba yufoniyam da turombon, ko da yake muryarsu ɗaya ce wajen hawa da sauka. Wanda ya sa ƙaramin baki marar zurfi a babban yufoniyam zai ji amo siriri mai kaifi, kamar an sa wa ingarma linzamin jaki. Don haka ba mu ce babban baki laifi ne ba. Mu kanmu yawancinmu da 4AL ko makamancinsa muke busa.

Amma kowane ɗayan waɗannan alheran da kuɗinsa. Leɓe mai yawa a cikin zobe yana nufin tsokar da ke kewaye da baki ce za ta riƙe shi ita kaɗai, ƙarfen ba zai taimaka mata ba. Babban maƙogwaro yana shan iska kamar tulu mai huji, jimlar da yaro yake busawa da numfashi ɗaya sai ta koma biyu. Muryoyin sama su ne suke fara nuna alama: suna fitowa, amma a kwance, ƙasa da inda ya kamata su tsaya. Daga nan yaro zai fara abin da muka fi tsoro, wato danna ƙarfen a leɓe da ƙarfin hannu don ya kai sama. Za ku ga jan zobe ya fito a leɓensa bayan ya gama, wani lokaci haƙori ya yanke shi ta ciki, washegari leɓe ya kumbura ya ƙi yin amo. In wannan ɗabi'a ta zauna, cire ta ya fi koyon busa daga farko wuya.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne irin aikin da ƙahon yake yi a nan. Ƙwararrun da yaranmu suke kallo a YouTube a zaune suke busa, a zaure mai sanyi, bayan sun yi shekaru suna gina leɓe sa'o'i da yawa a kullum. Namu yaran a filin fareti suke, cikin rana da gumi, suna tafiya ƙaho yana bugun leɓe da kowane taku. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe takardar kiɗan maci ya san mai yufoniyam ba ya hutawa. Idan masu kakaki suna kan waƙar, shi yana can yana busa tasa da take ratsa tasu, idan sun yi shiru kuma shi ne yake karɓa. A zaga fili sau uku, sau huɗu, a tsaya a busa taken ƙasa, a sake tashi. Bakin busar da ya yi daɗi a minti biyar na farko a cikin shago ba shi ne ake tambaya ba. Wanda leɓe zai iya ɗauka har zagaye na ƙarshe shi ake nema.

Akwai wani yaro ɗan shekara 14 da muka koyar, mai hazaƙa, wanda ya ari bakin babban turombon daga wani yayansa ana saura mako biyu fareti. A makon farko kowa yana yaba kaurin amonsa. Ranar faretin, kafin a gama zagaye na biyu iska kawai take fita, leɓe ya mutu. Ya dawo gida ya ce shi ya bar busa, wai ba shi da baiwa. Mahaifinsa, wanda da ma ba da son ransa yaron yake badujala ba, ya ce madalla. Sai da muka je har gida muka roƙi Alhaji ya ba mu wata uku. Muka mayar da yaron kan 6½AL, muka sa shi jan dogon amo a hankali kowace safiya. Sai bayan shekara guda ya hau 5G, kuma har yau yana busa. Abin da ya kusa raba shi da ƙahon milimita ɗaya da 'yan kai ne, ba rashin baiwa ba.

Muna ba da wannan labari ne domin mun san yadda wasu iyayenmu suke kallon busa, kamar roƙo ne ko wasan banza. Alhali ga yaron da ya iya karanta takardar kiɗa kuma leɓensa ya ginu, hanya ce ta abinci. Sojan ƙasa suna da makarantar kiɗa a Ojo, sojan ruwa suna da tasu a Ota, 'yan sanda suna da badujalarsu, ga kuma Cibiyar MUSON a Onikan. A duk inda za a gwada mai busa, abin da ake saurare shi ne amo mai tsabta, da daidaito, da ko zai iya kai ƙarshen waƙa yadda ya fara ta. Ba wanda zai juya ƙarfen ya duba lambar da ke jikinsa.

Akwai rukuni na biyu da suke zuwa mana da wannan magana, su ne manya masu busa tuba da aka ce su riƙe yufoniyam ko sashen tena tuba saboda ƙarancin mutane. Wanda leɓensa ya saba da zobe mai milimita 32, in ya ɗora shi a kan 26 ji yake kamar an sa shi shan ruwa da murfin kwalba. Sai ya nemi mafi girman da zai shiga ƙahon, 27 ko sama da haka. Uzurinsu a fili yake, kuma leɓensu yana da ƙarfin da yaro ba shi da shi. Amma muna tuna musu cewa ba don muryar ƙasa aka kira su ba. Sassan da ake rubuta wa tena tuba sama suke hawa, su fito fili su kaɗai, kamar a kashin Mars na Holst. In baki ya yi wa ƙahon yawa, amo zai yi faɗi amma ya rasa tsakiya, ya zama kamar ƙaramar tuba mai mura, muryoyin sama kuma su kwanta komai ƙarfin mai busa. Shawararmu gare su ita ce su tsaya tsakanin 26 da 27, su zaɓi mai zurfin ƙoƙo, su ba leɓe lokaci ya koyi cewa gida biyu gare shi.

Muna kuma jin ana cewa mai kaurin leɓe dole sai babban baki. Akwai ƙamshin gaskiya, domin leɓe mai kauri yakan fi sakewa a faffaɗan zobe. Amma ba doka ba ce. Mun ga masu kaurin leɓe da suke busa da matsakaici lafiya lau, mun ga masu siririn leɓe a kan babba. Tsarin haƙora, da yadda muƙamuƙi yake zama, da yawan iskar da mutum yake iya turawa, duk suna da ta cewa. Madubi ba ya yanke wannan hukunci, sai gwaji.

Ga yadda muke gwadawa. A tafi da ƙahon da yaron yake busawa, ba wani ba, a fara duba zaman jela. Kada a tsallake mataki: daga 12C a je 6½AL, daga nan 5G ko 51D, daga nan 4AL. A canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, in an ƙara zurfi a bar faɗi yadda yake. A sa manhajar daidaita amo a waya, a busa murya ta tsakiya, sannan ta sama, a ga ko ta saman tana zamewa ƙasa. A busa a hankali sosai, domin da ƙarfi kowane baki yana amsawa, a sanyi ne ake gane wanda ya fi ƙarfin leɓe. A sa wani ya koma nesa ya saurara, saboda abin da mai busa yake ji a bayan ƙaho ba shi ne yake isa kunnen jama'a ba. Mafi muhimmanci, a gwada bayan an yi rabin sa'a ana busa, lokacin da leɓe ya fara gajiya. In da hali a ari irinsa wajen wani a yi mako biyu ko uku da shi kafin a fitar da kuɗi, domin sabon baki yakan yi daɗi a kwanakin farko, sai daga baya halinsa yake fitowa. Kuma kada a canza ana dab da fareti ko gwaji. A bari sai an wuce.

Alamar cewa lokacin ƙara girma ya yi ita ce yaro yana busa sa'a guda ba ya gajiya, muryoyin sama suna fita ba tare da danna ƙarfe ba, amma in ya tura iska da yawa sai amon ya fashe ko ya ji ana turo shi baya. Wannan leɓen ya fi ƙarfin bakin da ke hannunsa. Amma in ƙorafin shi ne ba ya iya kaiwa sama, ko yana saurin gajiya, to babban baki ƙara masa ciwo zai yi. Maganinsa atisaye ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Wajen saye a yi hattara da jabu. Akwai masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni a jiki amma rubutun ya karkace, zoben ba sumul, farashin ya yi arha fiye da hankali. Araha ba ta ado. Na hannu mai kyau ya fi sabon jabu, muddin zoben bai lotsa ba, jelar ba ta murɗe ba, kuma rufin azurfar bai ɓare ba. Wannan na ƙarshe ba maganar kwalliya ba ce: in azurfa ta ɓare tsurar tagulla ce take taɓa leɓe, tana sa wasu ƙaiƙayi da kuraje, kuma wata tagullar akwai dalma a cikinta. Akwai na roba mai tauri da ba ya ɗaukar zafin rana, yana da amfani a filin fareti, ba kuma tsada kamar na ƙarfe.

In an saya, ya zama na yaron shi kaɗai. Ko da ƙahon na makaranta ne, kowa da bakin busarsa, domin kurajen leɓe da mura suna bin ƙarfen da ake karɓa-karɓa. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu da ɗan burushi sau ɗaya a mako. A sa shi a ƙaho da ɗan murɗawa kaɗan, ba a buga shi da tafin hannu ba. In ya maƙale kada a sa filaya, ta nan ake karya bututun ƙaho. Akwai abin cirewa na musamman wajen masu gyaran kayan busa.

Iyaye, in yaro ya zo da wannan buƙata kada ku kore shi, kada kuma ku yi saurin miƙa kuɗi. Ku tambaye shi sunan ƙahon, da lambar bakin da yake amfani da shi yanzu, da shekara nawa ya yi yana busa, da abin da yake damunsa a busar. Yaron da ya amsa waɗannan huɗu ya san abin da yake nema. Wanda ya ce shi dai ya ga wane yana da shi, to a ba shi haƙuri ya ƙara shekara. Duk wanda bai gamsu ba ya zo da yaron da ƙahonsa ranar taro, muna da 'yan bakunan busa iri-iri da za mu ba shi ya gwada, ba sai an biya komai ba.

Allah ya raya mana su, ya yi wa abin da suke koyo albarka.